Durƙuson Malam Maitama

Duk Bahaushen da ya zauna a garin Largo na Amurka a shekarun nan ya san Malam Maitama Bakatsine, mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Dogo ne siriri, ga sanƙo, ga wata baƙar jakar kyamara da ba ta sauka daga kafaɗarsa. Litinin zuwa Juma'a ƙasusuwan masu rai yake ɗauka. Asabar da Lahadi kuwa, sai ya tada tsohuwar motarsa ya nausa ƙauyukan Maryland da Virginia neman tsofaffin coci-coci da maƙabartunsu. Matarsa Hajiya Hasiya takan ce, "Ni kam na ga ta kaina. In dai mutum da tsoka a jikinsa, Malam ba ya ganinsa."

Abin ya samo asali tun yana karatu a Ingila, inda ya ga cocin dutse mai shekara ɗari takwas, ya tsaya baki buɗe har bas ta tafi ta bar shi. Shi ya sa yake raina na Amurka. In aka nuna masa mai shekara ɗari uku sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai jariri ne, ko yaye shi ba a yi ba." Amma fa hakan ba ya hana shi kwashe awa huɗu yana zagaya jaririn.

To, sana'ar tana da ƙa'ida. Rubutun da ruwa da gansakuka suka cinye a jikin dutsen kabari ba ya fita sai hantsi ya haska shi ta gefe, kuma sai mai hoto ya yi ƙasa sosai. Don haka Maitama durƙusawa yake yi. Babu wandonsa ɗaya da gwiwarsa ba ta yi kore ba.

A shekarar 2013 wani injiniya ɗan Germantown mai suna Nasir ya fito neman 'yar autarsa Rumasa'u. Yaro mai hankali, yarinya kuma ta mutu a kansa. Aka kai gaisuwa, saura sa rana, sai baffan Nasir, Alhaji Abdulmumin na Springfield, ya ce a dakata ya yi bincike kamar yadda ake yi a gida. Binciken kuwa ya ci karo da wani direban tasi da ya rantse da Allah ya ga uban yarinya ranar Lahadi da safe, durƙushe a gaban gicciye, kai a sunkuye, ƙararrawar coci tana kaɗawa.

Mako uku shiru, ko waya babu. Rumasa'u ta daina cin abinci. Hajiya ta tsare shi a kicin ta ce, "Malam, ka ga inda matattun Nasara suka kai mu ko? Wallahi in auren nan ya lalace, sai dai su su riƙa dafa maka tuwo." Maitama ya yi dariya, amma dariyar iya baki ce. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don bai taɓa tunanin abin da yake yi don nishaɗi zai sa Auta kuka ba. Ya kira Alhaji ya ce shi bai iya dogon bayani ba, ya daure ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa.

Alhaji ya zo cikin babbar riga fara, da carbi a hannu, ya toge a bakin shingen maƙabartar cocin da aka ga Maitama. Suna tsaye sai ga Pauline, tsohuwar da ke riƙe da makullin cocin, ta taho da murnarta. Ta shaida wa Alhaji da Turanci cewa shekara takwas ke nan wannan bawan Allah yana zuwa, ko 'yan cocin ba su kai shi naci ba. Maitama ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Carbin Alhaji ya ƙara gudu.

Da ƙyar Maitama ya jawo shi gaban wani ɗan guntun dutse mai gicciye a ka.

"Alhaji, me aka rubuta a nan?"

"Babu komai, Malam. Dutse ne."

"Ɗan sunkuya."

Ya sunkuya. "Ban ga komai ba."

"Ƙara dai. Ta nan gefen, ka bar rana a hagunka."

Alhaji ya tattare riga, ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, ya kai ta biyu. Can sai ya ce, "Ikon Allah! Ga shi kuwa. Olive. Shekararta huɗu." Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya farga da yadda yake. Ya zabura ya miƙe yana a'uziyya, yana leƙen titi ko wata tasi ta wuce. Farar shadda ta yi kore shar a gwiwa biyu. Maitama ya kau da kai, ya yi ta gyaran kyamarar da babu abin da ya same ta.

Da Alhaji ya gama kakkaɓe riga ya ce, "To, na gane durƙuson. Amma Malam, tsakaninka da Allah, me kake nema a wurin mutanen nan? Ba danginka ba, ba addininka ba."

Ko Hajiya ba ta taɓa yi wa Maitama tambayar a haka ba.

"Tsohona ya rasu a Katsina ina nan," in ji shi. "Takardu suka riƙe ni, sai bayan wata bakwai na je, damina ta wuce. Na ce a kai ni kabarinsa. Yayana ya nuna wannan tudun, ƙanena ya ce a'a, wancan ne. Suka yi ta musu a gabana. Na yi addu'a a kan duka biyun na taho. Na san haka muke yi, kuma Allah Ya san inda kowa yake. Amma in na samu sunan da ya kusa gogewa na fito da shi, sai in ji sanyi a raina. Iyakar abin ke nan, Alhaji."

Carbin Alhaji Abdulmumin ya tsaya cak a hannunsa.

"Kai har biyu aka nuna maka," in ji shi a hankali. "Ni da na je Zariya bayan rasuwar Inna, hannu kawai aka yi mini, aka ce ta wajen can."

Ya zare tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya nufi mota. Sai da ya kama ƙofa ya juyo.

"Ka gaya wa Hajiya gobe bayan azahar muna tafe da goro. A ce wa yarinyar nan ta ci abinci."