Ranar da Surukin Oga Ya Zo Cin Abinci

Har gobe ban manta da wata Asabar ba, wata biyu da buɗe wannan gidan abinci namu na Daura, lokacin ina shugaban 'yan sabis, masu kai wa baƙi abinci a tebur. Ku sababbin shiga kun tarar komai ya zauna, shi ya sa nake so ku ji.

Oga Kabiru, mai wurin, karatun injiniya aka tura shi Amurka, ya dawo da takardar girki. Tsarin can ya ɗauko sukutum. Abinci kala bakwai ne, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma uku a tsakiyar faranti mai faɗin faifai. Tsakanin kicin da tebura gilashi ne, mai ci yana ganin mai dahuwa. Duk kalar da aka ajiye, Oga zai fito da doguwar farar hularsa ya yi wa baƙo bayani, ya tsaya sai an ɗanɗana. Dokarmu kuwa, faranti ya yi minti goma a tebur sai a ɗauke.

Ranar surukinsa ne zai zo, Alhaji Lawal na Sandamu, mai fataucin shanu, mahaifin matarsa. Alhaji bai taɓa ɓoyewa ba cewa shi injiniya ya ba 'yarsa, ba kuku ba. Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda zai zo sau ɗaya ya gani da idonsa. Kwana uku Oga ya yi yana shiri, ko gaisuwarmu da ka yake amsawa.

Bayan azahar Alhaji ya iso tare da amininsa, Malam Sani. Oga ya sa na zaunar da su a tebur na ɗaya, dab da gilashin. Na kawo miyar kabewa. Oga ya fito, ya durƙusa ya gaida su, ya miƙe ya zuba bayani, ya tsaya. Alhaji ya dubi silin, ya dubi carbinsa, ya ce, "Madalla." Ko cokalin bai taɓa ba. Malam Sani da ya ga haka shi ma ya naɗe hannu, amma ina ganin maƙogwaronsa yana motsi. Minti goma suka cika, na ɗauke. Kifi ya zo ya koma. Kala ta uku ma haka.

A kicin na tarar da Oga yana ɗanɗana miyar.

"Malam Isa, gishiri ne? Ka gaya mini gaskiya."

Tausayinsa ya kama ni, dariya kuma tana neman ƙwace mini. Na ce, "Oga, shekara nawa da aurenka?"

"Huɗu."

"Ka taɓa ganin Alhaji ya tauna ko goro a gabanka?"

Ya girgiza kai.

"To ka kafa shi gaban gilashi, ka tsaya masa a ka kamar mai tsaron jarrabawa, kana jira ya buɗe baki. Wallahi ko kwana zai yi a nan ba zai ci ba."

"Amma tsarin..."

"Oga, waɗanda suka yi tsarin nan ba su da suruki a Sandamu."

Na nemi izini in karya doka, ya ba ni. Aka sake ɗumama ukun farko, ya gama sauran huɗun a lokaci guda, na jera duka a babban tire. Na shimfiɗa darduma a ofishinsa na baya, na ajiye buta da ruwan sha. Shi kuma na ce ya cire hular ya bar gidan.

Na koma na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, maigidan ya ɗan fita, ya ce a ba ku haƙuri. Ga wuri can ciki, ya fi sanyi." A lokacin ne Alhaji ya fara duban fuskata. Na raka su, na jawo ƙofa.

Bayan rabin awa na shiga, tire kamar an wanke. Malam Sani ya tambaye ni a hankali ko akwai saura a tukunya.

A bakin mota Alhaji ya kira ni. "Gasasshen naman nan, tsokar gadon baya ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya gasa?"

"Shi da kansa."

Ya daɗe yana gyara babbar rigarsa. Sannan ya ce, "Ka gaya wa mai wurin nan, shekara arba'in ina sayar da shanu, ban san haka namansu yake ba sai yau. Amma ya daina zuba wa mutane kamar masu jinya."

Ashe Oga bai je ko'ina ba, yana tsugune bayan ɗakin janareto. Sau uku ya sa na maimaita masa saƙon. A na ukun ya ce in tsaya a rabin farko, ya rufe fuska da hannu biyu. Na bar shi a nan, don ni ma idona ya cika.

Abin da na koya shi ne, dahuwa aikin kicin ce, amma mu 'yan sabis aikinmu mu san wa ke zaune gaban wa kafin mu ajiye faranti. Shi ya sa har yau, duk wanda ya bugo waya zai kama tebur, in kun tambaye shi su nawa ne, sai ku ƙara da cewa, "Da suruki a ciki?"