Fumfunar Dambun Kaza da Rifkatu Ba Ta Kai ga Sunanta Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar Rifkatu, aminiyata tun muna firamare a unguwar Yara ta Keffi, kuma har yau in na buɗe robar dambun kaza sai na kai ta bakin taga na duba, kamar yadda ta koya mini.

Malamar kimiyya ce, aikinta binciken fumfuna. Takan zagaya kasuwar Keffi tana sayen dambu da soyayyar kaza, har masu sayarwa suka sa mata suna Mai Ƙyanƙyami. Abin da ya dame ta ɗabi'armu ce: a zuba dambu da zafinsa a leda a ƙulle, gumi ya kwanta, in kore-kore ya fito a kankare a mayar kasko. Mukan ce wuta ta kashe. Ita kuwa ta ce, "Hajara, wuta na kashe fumfuna, amma dafin da wata ke bari ba ya jin wuta. Hanta yake ci a hankali."

Ta ce ido bai isa ya bambanta mai dafi da marar dafi ba, sai an karanta ƙwayar halittarta a na'ura. Sunan take nema, don ba mai sauraronta in ba ta kira abin da sunansa ba. Ta daɗe tana tara samfura a firiza tana jiran a kai su gwaji. Tana kwance asibiti aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, duk suka lalace. Ban gaya mata ba har ta cika.

Yanzu an ce irin na'urar ta zo kusa, ɗalibai ma na taɓa ta. Da Rifkatu na raye, da ta yi murna. Amma da ta leƙa kasuwa, kaito, ledar nan ce dai, kaskon nan ne dai.

Watan jiya na je gidan ɗan Rifkatu, na tarar da matarsa na kankare dambu za ta ba yarinyarsu. Na karɓa na juye a shara. Ta ce, "Haba Mama, abinci ne fa!" Na buɗe baki in yi bayani, na ga ban san sunan abin ba ni ma.

Wallahi na gaji da wannan faɗan. Rifkatu ba ta bar littafi ba, ba ta bar sakamako ba. Abin da ta bari tsohuwa ce guda mai zubar da abincin mutane, wadda matar ɗan Rifkatu yanzu ke gaishewa daga bakin ƙofa. Yarinyar dai ba ta ci ba.