Binnen da Muka Yi Saboda Tauraruwa Mai Wutsiya

Ko da zan manta da yunwar shekarun nan, ba zan manta da binnen da muka yi saboda tauraruwa ba.

Fari ya ci daminarmu shekaru a jere a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Ɗan irin gero ne kawai ya rage a rumbu, Yaya kuwa, babban wana mai riƙe da gandu, ya hana kowa taɓa shi. Ana cikin haka sai ga tauraruwa mai wutsiya. In an fito daga sallar asuba sai a tsaya ana nuna ta, dattawa na cewa wata masifar ce ke tafe.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce mu kwantar da hankali. Akwai manyan duwatsu da ke kewaya rana, su ba su da wutsiya. Ita kuwa wannan curin ƙanƙara ce da ƙura, in ta matso kusa da rana sai ta yi tururi, shi ne wutsiyar.

Na kawo wa Yaya wannan ilimi da zafinsa, ina jin kaina. Ya ce, "Ƙanƙara ka ce? Kuma narkewa take yi?"

Na ce Malam ya ce ta fi wata nisa, ko ɗigo ba zai iso mu ba.

"Da dutsen ne ya fito, sai mu ji tsoro. Ɗauko sungumi."

Haka muka binne irin kaf a busasshiyar ƙasa. In aka yi yayyafi aka ɗauke, tsiro ya ƙone, ba mu da na sake shuka. Ni mai ilimin na riƙa zagaya gona ina tona ramuka ina dubawa, Yaya kuwa har ƙiba ya yi.

Tauraruwa ta ɓace, ta daɗe da ɓacewa ma, sannan aka kece da ruwa, bai kuma ɗauke ba. Mu muka fara gasa tumu a unguwar.

Tun daga nan Yaya ke shela cewa boko ya yi rana, ƙanensa ya san taurari. Na yi bayani har na gaji. Da na kai kan ƙanƙara sai a ce madalla, a kaɗe riga a tashi.

Abin da na koya shi ne, ilimi naka ne kafin ka buɗe baki. Da ka furta, mai jin yunwa zai tsinci abin da yake bukata, ya bar maka sauran.