Rubutun Hannunta a Jikin Kwalba

Kowa a layin ya san ta ne da laƙabin Kilo Nawa, har wasu sun manta tana da wani suna. Shekara goma sha huɗu ta yi a bayan kantar wani shagon magungunan dabbobi, wani ɗan ɗaki mai warin dusa da maganin kaska, da tsohon sikeli na ƙarfe a bakin ƙofa. Ba ta taɓa miƙa wa mutum maganin tsutsar ciki ba sai ta tambaye shi nauyin dabbarsa. In ya faɗa, sai ta yago filasta ta manna a jikin kwalbar, ta rubuta nauyin da adadin da za a bayar. Mahaifinta, tsohon direban babbar mota, ya fi kowa alfahari da wannan hali nata. Ko maganin ciwon kai aka kawo masa, sai ya ce a nuna wa 'yarsa tukuna.

Da annoba ta shigo, wani marar aikin yi ya saki saƙon murya cewa maganin tsutsa na kashe ƙwayar cutar. Cikin mako guda kowa ya zama makiyayi. Tela, malamin makaranta, har wanda ko kaza bai taɓa kiwo ba, duk suka yi layi da takunkumi a haɓa, wai saniyarsu ba lafiya.

"Kilo nawa?" ta tambayi wani mai taye a wuya.

"Za ta kai saba'in da biyu."

"Tana tari?"

"Sosai ma, musamman in na kwanta."

Ta nuna masa ƙofa. Ta yi bayani har muryarta ta dushe: a kan tsutsa maganin nan ba shi da wasa, amma likitoci sun gwada shi a kan wannan cutar ba su ga ya tsinana komai ba, kuma wanda aka haɗa don dabba ba na bakin mutum ba ne. Sai aka ce ɓoyewa take yi don 'yan gidansu. Abin ya riƙa ba ta ƙyama, manya da gemunsu suna ƙarya a kan saniyar da ba su da ita.

Ana cikin haka Baba ya kwanta da zazzaɓi da tari. Yayanta, mai gyaran wayoyi, wanda duk ilimin likitancinsa daga wayoyin mutane ya kwaso shi, ya tare ta a ƙofar ɗakin.

"Ki kawo masa kwalba ɗaya mana. Duniya kowa ya shaida maganin nan."

"Yaya, asibiti za mu kai shi. Ka ji yadda yake numfashi kuwa?"

"Asibiti? Wa kika ga ya shiga ya fito? Ke dai ki ce ba ki so."

Baba ya ɗago kai daga filo da ƙyar. "Ku bar musu. In ita ta ce in sha, zan sha. In ba ta ce ba, ba na sha."

Yaya ya ce a ba shi kwana biyu, in ba sauƙi da kansa zai nemo mota. Ta yarda, don ba ta son a ce ta raina na gaba da ita.

Washegari wani mutum ya zo shagon, takalminsa duk taɓo. Ya ce maraƙinsa ya rame, gashi ya tashi, yana zawo, kilo hamsin da takwas. Duk abin da ta tambaya ya amsa daidai, har ta ji sanyi a ranta cewa yau dai ta ga makiyayin gaske. Ta manna filasta, ta rubuta nauyi da adadi, ta ƙara da "sau ɗaya tak", ta ja layi a ƙasa. Ko kusa ba ta tuna cewa watan jiya ita da kanta ta ɗora Baba a sikelin bakin ƙofa suna dariya, ta gaya wa Yaya tsohon ya sauka zuwa hamsin da takwas ba.

Kwana biyun suka zama huɗu. Kullum ta kira, Yaya ya ce ana samun sauƙi, kada ta zo ta kwasa ta kai wa 'ya'yanta. Ranar ta huɗu da hantsi ta rufe shago ta tafi ba sanarwa. Warin amai ne ya fara tarbar ta. Baba na kwance hannuwansa na rawa, leɓɓansa sun yi duhu, yana kallon inda take amma ba ya ganin ta sosai. A kan kujera, kusa da kofin shayi, ga kwalbar da ta sayar wa mai maraƙin nan saura kaɗan, da filastarta a jiki. Safe, rana, da yamma suka riƙa ba shi, wai don ya fi saurin kamawa.

A asibiti aka sa masa iskar oksijin. Likita ta juya kwalbar a hannunta, ta ce ba za ta iya raba ɓarnar cutar da ta maganin ba, amma kwana huɗun nan da aka zauna a gida sun ci shi. Yaya na jingine da bango, yana gaya wa wani mai jinya cewa matsalar kawai an makara ne wajen fara ba shi. Ta dube shi, ta kasa ko zaginsa.

Kafin a shige da Baba inda ba a barin kowa, ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba, me ya sa ka sha? Ba ka ce sai na ce ba?"

Ya laluba ya kamo yatsanta, ya janye abin hancin kaɗan.

"Na ƙi fa, 'yar nan. Kwana guda ina ƙi. Sai yayanki ya nuna mini rubutunki."

Bai sake fitowa daga ɗakin ba. Har yau tana shagon, tana tambayar kilo nawa, amma yanzu ko kuka mutum zai yi, ba ta rubuta komai sai ya jawo dabbar ta hau sikeli a gabanta.