Tumbin Kawu Famfo

Kawuna mai faci ne. Tun ina yarinya rumfarsa tana nan gefen gidan mai, da bahon baƙin ruwan da yake tsoma taya yana neman inda kumfa ke fita, da injin iska mai tari kafin ya tashi, da tsofaffin tayoyin da suka zama kujerun baƙi. Direbobi ne suka sa masa Famfo, don kafin ya sayi inji da famfon hannu yake cika tayar babbar mota, bai ko tsaya shan ruwa ba. Sunan ya bi shi har gida.

Mutum ne mai ci, sai ga shi ya fara ture kwano tun bai kai rabi ba. Ya rame har ya ɗauki ƙusa ya ƙara wa bel ɗinsa huji. In matarsa ta yi magana, sai ya ce, "Olsa ce kawai," ya kurɓi farin maganin da yake ɓoyewa cikin akwatin sifana.

Wata hantsi yana danna ƙarfe zai ɓalle tayar tirela, sai ya saki ƙarfen ya durƙusa, zufa na keto masa. Direban tirelar ya taɓa cikinsa, ya ji shi ƙam kamar katako. Bai tsaya tambaya ba, ya tare mota ya kai shi asibiti.

Ko da muka isa ni da matarsa, an riga an ɗauki hoto. Likitar fiɗar, wata mace gajera mai saurin magana, ta ce mana tumbinsa ne ya huje, abin da ke ciki yana zuba inda bai kamata ba, kuma jira yana nufin rasa shi. Matarsa ta sa hannu a takarda. Aka wanke cikin, aka toshe hujin, aka gutsuri naman wurin don gwaji.

Ya farfaɗo da roba a hanci, har ya fara tsokanar masu jinya, sai sakamakon ya fito. Ciwon daji ne ya cinye wurin har ya ɓula. Likitar ta zauna bakin gadonsa ta ce, "Baba, wancan aikin na ceton rai ne. In ka yi ƙarfi za mu sake shiga, mu cire mafi yawan tumbin da kaluluwar da ke kewaye, mu haɗa ragowar da hanji. Ban ga alamar ya bazu ba, amma ban yi maka alkawarin komai ba."

"A sake yanka ni? Na yafe," in ji Kawu, ya juya fuska bango.

Babu wanda bai roƙe shi ba. Matarsa ce kaɗai ba ta roƙe shi ba, sai da aka sallame shi muka koma gida, ta ajiye masa ruwa ta ce, "Baban yara, shekara nawa ina wanke baƙin mai daga rigunanka? Ka taɓa jin na ce na yafe? To, tashi ka ci ka yi ƙarfi, asibiti za mu koma."

Ya dube ta, ya dube ni. "Kin ji matar kawunki ko? Likitar ma ta fi ta sauƙi."

Aiki na biyu ya daɗe har na gaji da kallon ƙofar. Da likitar ta fito ta zare hular kanta, ta ce an cire shi duka, gefen da aka yanka ma babu ciwo. Matarsa ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka tana godiya ga Allah.

Watannin maganin daji da suka biyo baya sun wahalar da shi: amai, jiri, yatsu kamar ba nasa ba. Ya koyi cin abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, yana taunawa a hankali, ana kuma yi masa allurar ƙarin jini lokaci-lokaci. Ranar da ya koma rumfa, direbobi suka jera motoci suna danna hon har manajan gidan man ya fito da gudu, ya ɗauka gobara ce. Tayar tirela dai ya bar wa wani abokin aikinsa, shi yana kan ƙananan motoci da babura.

An shafe shekaru yanzu, kowane hoto yana fitowa fes. Kwanan baya na raka shi dubawa, likitar ta roƙe shi ya leƙa wani tsohon malamin makaranta da ya ƙi yarda a yi masa irin aikin. Kawu ya shiga ɗakin, ya yi sallama, ya ɗage riga ya nuna tabon, tun daga ƙirji har cibiya.

"Malam, sau biyu aka buɗe nan. Yau da safe taya na ɗaga."

Malamin ya daɗe yana kallon tabon. Can ya ce, "Da zafi?"

"Sosai ma. Matsa mini in zauna, in ba ka labari."