Hajja Kellu, Wa Zai Tambayi Saude?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Nuwamba, 1977, Allah Ya karɓi ran Hajja Kellu Sheriff a gidanta da ke Babura, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Ita ce mai zagaya makarantu tana duba aikin malamai, daga Kazaure zuwa Roni, Yankwashi da Gwiwa. Ni Tasalla, malamar aji biyu a wani ƙauye da ke gefen Gwiwa, labarin bai iso ni ba sai da aka riga aka kai ta makwancinta. Wani direban motar kasuwa ne ya faɗa yana ɗaure buhuna, bai ma san ya karya ni ba.

Hajja, bara da aka buɗe karatun firamare kyauta, aka kwaso mu, aka yi mana ɗan kwas na sha yanzu magani yanzu, aka ce mun zama malamai. Na shiga aji na tarar da yara har bakin taga: 'ya'yan manoma, 'ya'yan Fulanin ruga da ba su jin Hausa sosai, wani da gemu na shirin fito masa, wata ko wanke hannu ba ta gama iyawa ba. Wata rana aka ce mai duba malamai na tafe. Sai ga ki kin shigo, kin wuce kujerata, kin je can baya kin zauna a tabarma cikin yara.

Nan kika zauna har aka tashi. Da ajin ya watse kika kama hannuna kika ce, "Malama, zo ki ga sawunki." Ajin namu daɓen ƙasa ne, ana share shi kullum da safe. Sawun takalmina ya tattake tsakanin allo da layin gaba, amma daga nan zuwa bango babu ko ɗaya. Kika yi dariya kika ce, "Na baya fa, an gaya miki bashinki suka ci?" Gyaran ranar ke nan, ba ki ƙara komai a kai ba. Haka kike aiki: gyara ɗaya a kowace zuwa, kuma ba a gaban yara ba.

Ba ki taɓa kawo mana dabarar da ba ki gwada ba. Abin da kika karanto a kwas ɗinki na Zariya sai kin kai shi aji a Roni, kin sake kai shi Yankwashi, kin ga abin da ya haifar, sannan ki ce mu ɗauka. Ke kika ce in na yi tambaya in kame bakina tukuna, domin ɗan ruga sai ya juya ta cikin Fulatanci kafin ya amsa. Ke kika ce in haɗa mai jin Hausa da marar ji a tabarma ɗaya. Ban manta ranar da kika tara mu a Kazaure ba, kika yi mana darasin lissafi sukutum da Barbarci, harshen gidanku, kina nuna mu da alli kina ɗaure fuska. Manyan hedimastoci suka yi tsuru-tsuru, gumi na keto musu. Da kika gama kika ce, "To, kun ɗanɗana. Akwai yaran da kullum haka suke wuni a hannunku."

Sai maganar Saude, wadda ita ce ta hana ni sukuni tun da kika tafi. Yarinyar ruga ce, mai kaifin kai. Sanƙarau ya kama ta da bazarar bana, ta tashi, amma kunnenta bai tashi ba. Kowa ya ce karatu ya ƙare mata. Ke kika taka har rugarsu, kika zauna da mahaifinta Hamma, kika ce da hannu ma ana magana, kuma ke kin iya. Kika yi masa alkawarin za ki koya wa Saude, ki koya mini, har mu riƙa fahimtar juna. Ya yarda idan za su tafi cin rani da shanu ya bar ta wajen kakarta ta ci gaba da makaranta.

Kika fara, a hankali yadda kika saba. Saude ta kama kamar wuta a busasshiyar ciyawa, ni kuwa hannuna ya yi nauyi. Abin da na samu bai wuce "zo", "zauna", "rubuta", "da kyau" da "ruwa" ba. Na ce ki ƙara mini, kika ce, "Gaggawar me kike, Malama? Ai ina nan." Haba Hajja! Ina kike yanzu?

Hamma ya zo har makaranta ya yi mini gaisuwar rashinki. Mutum ne mai kunya, bai ɗaga murya ba. Ya ce shanu za su tashi da an gama Babbar Salla. Ya ce, "Malama, ba raina ki na yi ba. Ki tambaye ta a gabana, za ta zauna ko za ta bi mu. In kun fahimci juna na bar ta. In ba ku fahimta ba, wa zan bar wa ita?" Gaskiya kuwa ya faɗa.

Na gwada, Hajja, wallahi na gwada. Na rubuta mata a allo, karatunta bai kai nan ba. Na nuna mata hanyar ruga, na nuna mata tabarmarta, ta ɗauka aikenta nake, ta miƙe za ta tafi. Kullum sai ta zagaye idanunta da yatsu, wato tabaranki, ta buɗe tafin hannu tana tambayata ina kike. Ni kuwa in nuna mata "zauna", in nuna mata "rubuta", in juya ga allo kada ta ga fuskata. Tsoro nake ji. In yarinyar nan ta bi shanu ba za ta dawo aji ba, kuma za ta tafi da zaton mantawa da ita kika yi.

Allah Ya jiƙan ki, Hajja Kellu. Allah Ya yi miki rahama, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk yaron da kika jawo daga bayan aji ya zame miki shaida ranar gobe ƙiyama. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Hajja Kaka, da 'ya'yanki, da dukkan malaman da kika horar. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Da na je zaman makoki Babura na ga wani dattijo a gefen zaure, shi kaɗai, ana miƙa masa hannu ana wucewa. Aka ce yayanki ne, Malam Daudu, kurma ne tun haihuwa, a wajensa kika koyi maganar hannu, kuma duk gidan ke kaɗai ce mai zama hira da shi. Na tsaya daga nesa, kunya ta hana ni roƙon mutum yana tsakiyar makokinsa.

Yanzu na ajiye kunyar. Mutanen gidan Sheriff, don girman Allah, ku kawo mana Malam Daudu kafin Salla, ko ku yi mini izini in kawo masa Saude. Ya gaya mata Hajja ta rasu, tunda ni na kasa. Ya sa tambayar Hamma a hannuna in yi ta da kaina. Na sani rashin nan ya fi yi masa nauyi a kan kowa, amma ku gaya masa a nan akwai wata yarinya da za ta gane abin da yake faɗa.