Ya Je Gashaka Ba Tare da Ni Ba

Ni na fara kawo maganar dajin Gashaka. A lokacin muna koyarwa a makaranta ɗaya a unguwar Lamorde da ke Mubi, ni lissafi, abokina labarin ƙasa. Mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, dogo, in yana dariya sai ya riƙa dukan cinyarsa. Ni kuwa haifaffen Sabon Layi ne, ban taɓa wuce Yola ba. Wani maƙwabcinmu direban babbar mota, mai kai kaya Taraba, shi ya ba ni labari cewa can kudu akwai daji inda ruwa ke gudu rani da damina, bishiyoyi sun rufe sama, birai na tsallaka hanya a gaban mutum ko a jikinsu, kuma akwai dutsen da in ka hau sai ka hango gajimare a ƙarƙashinka.

Da na faɗa masa a ɗakin malamai, sai ya jawo taswira ya shimfiɗa a kan tebur, ya bi hanyar da yatsa tun daga Mubi.

Ya ce, "Mutumina, za mu je. Amma tare. Babu wanda zai riga wani."

Shi ya faɗi haka da bakinsa, ban roƙe shi ba.

Ina da shekara ashirin da bakwai, ƙafata lafiya lau, ina iya hawa duwatsun Muchalla in sauko ban nemi wurin zama ba. Na ce mu tafi a hutun da ke tafe. Ya ce a'a, matashi in ya shiga irin wannan wuri ba ya ganin komai, shi dai ya kai ƙololuwa ya dawo ya yi kuri. Mu bari mu ɗan natsu tukuna. Na ga maganarsa da ma'ana, na haƙura.

Muka yi aure shekara ɗaya tsakani. Da na sake tayar da zancen, matata ta haihu, tasa kuma tana da ciki. Ya ce, "Haba Malam, ka bar mace da jariri ka shiga daji kwana goma? In wani abu ya same ka fa?" Na sake haƙura, don gaskiya ya faɗa. Da muka kai arba'in sai ya ce mu jira yara su shiga sakandare. Daga nan shekarar gudu ta zo, 'yan bindiga suka shigo gari, kowa ya bar Mubi da abin da hannunsa ya iya ɗauka, babu mai tunanin yawon buɗe ido. Bayan mun dawo da kamar shekara biyu, acaɓa ya kayar da ni a hanyar Muchalla, gwiwata ta hagu ta tsage. Tun daga ranar ba ta koma daidai ba.

Shi ya fara zuwa duba ni a asibiti. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Kada ka damu. Ai lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ritaya. Ba ƙararrawa, ba sauri, mu yi tafiyarmu a hankali."

Kusan kowace Lahadi da yamma, in ya taso daga coci ya huta, yakan zo ƙofar gidana mu sha shayi mu yi ta wannan gardama. Ni in ce ƙuruciya, shi ya ce tsufa. Ina jin daɗin gardamar ƙwarai, domin muddin muna yin ta, ina ganin kamar tafiyar tana nan tana jiranmu.

Bikin 'yarsa ta fari ne ya tona asiri. Na je gidansu da hantsi ina taya su shiri, uwargidansa ta fito da wata tsohuwar jaka cike da hotuna, tana neman na yarintar amarya da za a buga a kalanda. Ta miƙo mini wasu in duba. A ciki na ga abokina, gashinsa baƙi wuluk, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa da sanda a hannu, wasu maza uku a gefensa. Bayansu bishiyoyi ne irin waɗanda babu su a ƙasarmu.

Na ce, "Madam, ina ne nan?"

Ta leƙo ta ce, "Ai Gashaka ne. Da mutanen cocinmu suka tafi. Kwana tara ya yi, ya dawo ƙafa a kumbure, ni na yi ta gasa masa."

"Yaushe ke nan?"

"Ina da cikin wannan amaryar mana. Au, bai gaya maka ba?"

Na tuna hutun sarai. Ya ce mini zai je Michika taya mahaifinsa girbi. Ni na raka shi tasha.

Na mayar da hoton, na ci gaba da jera kujeru. Ranar biki na zauna a layin gaba, na ci shinkafa, na yi wa amarya addu'a. Sai da mako ya zagayo na same shi a gonarsa yana duba masara.

Na ce, "Na ga hoton."

Bai tambaye ni wanne ba. Ya ajiye fartanya.

Ya ce, "Wuri ɗaya ne ya rage a motar. Na ce bari in je in gano hanya, in mun tashi namu sai in zama jagora."

"To me ya hana ka faɗa da ka dawo?"

"Kunya. Kuma wahalan ya yi yawa, mutumina. Na kusa mutuwa a wannan dutse. Na san ba zan sake komawa ba."

"Ka san ba za ka koma ba, shekara ashirin da shida kana ce mini mu jira?"

"Wasu dalilan ai gaskiya ne."

Wannan amsar ta fi hoton yi mini ciwo. Da ya ce mini tun farko ya je, da na yi fushin wata ɗaya, na nemi wani abokin tafiya, na hau dutsen da ƙafafuna biyu. Shi ya gani ya ƙoshi, ni kuma ya zaunar da ni ina jira har ƙarfina ya ƙare. Na faɗa masa haka. Ya ce in yi haƙuri. Na ce na ji, na juya na tafi.

Bara da rani na tafi da ƙanena, bayan likita ya ce in dai ba hawa zan yi ba babu laifi. Kwana biyu muka yi a hanya. Na ga ruwan, garai-garai har kana ƙirga duwatsun ƙasansa. Na ga birai sun kai talatin a kan bishiya ɗaya. Mun yi tafiyar awa guda a cikin dajin sai gwiwata ta ƙi, na zauna a kan wani kututture. Na tambayi mai yi mana jagora ina babban dutsen yake. Ya nuna kudu, ya ce daga nan sai an yi kwanaki ana tafiya a ƙafa. Ko hango shi ban yi ba.

Har yanzu muna gaisawa da abokin nawa. Da yayansa ya rasu na je Michika ta'aziyya, na wuni. Amma zaman Lahadi ya mutu. Da ya ji labarin na je, ya zo ya tsaya a ƙofar gida, ya ce, "An ce ka yi tafiya. Yaya ka ga wurin?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ya jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Na tambaye shi ya masararsa ta yi bana, ya ce ruwa ya ɗauke da wuri. Muka ɗan tsaya, sannan ya ce bari ya ƙarasa kasuwa.